Bin sawun dogo daga Baro zuwa Kano

Jirgin ƙasan farko da ya shigo Kano ba daga Legas ya taso ba, ko da yake haka yawancinmu muka taso muna ji. Daga Baro ya taso, wani ɗan gari a bakin Kogin Kwara cikin ƙasar Nufe, mil 356 daga nan. Wannan layin muka fita bi a ƙarshen damina, ni da wani dattijon unguwarmu a Fagge wanda ya ajiye aiki yana helman masu gyaran dogo. Muka shirya cewa za mu wuce Baro kai tsaye, sa'an nan mu juyo muna bin layin daga inda aka sa diga ta farko zuwa inda ya tsaya, don mu ga aikin a jere yadda masu shi suka yi shi.

Babu jirgin fasinja da za mu dogara da shi, saboda haka mota muka shiga a Unguwa Uku bayan sallar asuba, naira 9,000 kowa zuwa Kaduna. Daga can muka bi hanyar Abuja har mahaɗar Dikko, muka karya ta Lambata da Lapai, inda tireloli suka farfasa kwalta har direba ya fi tafiya a gefen hanya fiye da kanta. A wani shinge soja ya buɗe jakar Baba, wato dattijon nan, ya ga tef na awo da ƙaramar guduma.

"Baba, wannan gudumar ta mece ce?"

"Ta sauraron ƙarfe ce, yallaɓai. In ka ƙwanƙwasa mahaɗin dogo ya yi ƙara tsaf, notinsa a ɗaure yake. In ya yi kwaf-kwaf, ya saki ko ya tsage."

Sojan ya ce kakansa ma reluwe ya yi a Kafanchan, ya mayar da gudumar cikin jaka da kansa. A Agaie muka kwana, ɗaki naira 10,000, wuta ta janareta zuwa tsakar dare, ruwa a bokiti.

Daga Agaie zuwa Baro ta Katcha kimanin kilomita 50 ne, amma kada lissafin ya ruɗi kowa. A ƙarshen damina taɓo yana riƙe mota har gindinta, kuma sau da dama fasinjoji ne ke sauka su tura. A Katcha muka haƙura da mota muka shiga kwale-kwale mai inji, naira 3,000 kowa. Wanda zai bi ruwan nan ya kiyaye abu biyu: kada ya shiga jirgin da aka ɗora wa buhuna da babura har bakinsa ya kusa taɓa ruwa, kuma kada ya yarda la'asar ta yi masa a kan kogi, don kututturan da ambaliya ta kwaso ba a ganinsu in rana ta karkata. Ban yi baƙin cikin barin motar ba, domin ta ruwa kowane ƙarfen layin nan ya iso Baro, kuma sai mutum ya ga kogin a cike zai gane dalilin da ya sa aka fara aikin a nan.

Bayan an ci Kano a 1903, Turawa sun shekara huɗu suna gardama a kan inda dogo zai bi. Lugard, Baturen da ya fara mulkin Arewa, yana son Arewa ta sami ƙofarta ta kanta zuwa teku ta Kogin Kwara. Gwamnan Kudu, Walter Egerton, yana son a miƙo layin Legas, wanda ya isa Ibadan tun 1901. A 1907 Landan ta amince da duka biyun, kuma Winston Churchill, wanda lokacin yake ƙaramin minista mai kula da ƙasashen mulkin mallaka, yana cikin waɗanda suka tsaya wa maganar, da fatan audugar Arewa za ta ciyar da masaƙun Lancashire da ke Ingila. A shekarar aka turo Percy Girouard ya riƙe Arewa. Sojan injiniya ne haifaffen Kanada, shi ya shimfiɗa wa janar ɗin Birtaniya Kitchener dogo a hamadar Sudan, don haka an zaɓe shi ne saboda wannan aikin. Wanda ya tsaya a kan aikin kullum kuwa John Eaglesome ne, shugaban ma'aikatar ayyuka ta Arewa. Ba a ba wa ɗan kwangila ba. Gwamnati ta yi da hannunta, a kan kiyasin kusan fam 3,000 kowace mil, wanda a zamanin ma araha ne ƙwarai. Duk abin da muka gani a hanya, daga lanƙwasar layin zuwa sirantar ƙarfensa, daga wannan arahar ya fito.

Baro tana kusan mil 400 daga bakin teku. Manyan jiragen ruwa masu tururi ba sa iya kawo kaya mai nauyi nan sai lokacin da kogi ya cika, daga Agusta zuwa Oktoba. Da ruwa ya janye sai tudun yashi ya fito a tsakiyar kogi, sai ƙananan jirage marasa zurfi kaɗai ke wucewa, su ma da rabin kaya. Ke nan duk abin da za a shimfiɗa a rani ɗaya dole ya iso cikin waɗannan watanni uku, in ya makara a tashoshin jiragen ruwa na Forcados ko Burutu da ke bakin teku an yi asarar shekara. Mu yi lissafi. Dogon da aka sa mai nauyin laba 45 ne a kowane yadi. Mil ɗaya yadi 1,760 ne, ƙarfe biyu a jere, ya kama tan 70 da ɗoriya. A mil 356 ƙarfen dogo kaɗai ya kai kusan tan 25,000, ba a sa ƙarafan gicciye da ake ɗora shi a kansu ba, waɗanda kusan 2,000 ke shiga kowace mil, ba a sa siminti da ƙarafan gada da taragu da kawunan jirgi da aka kawo gunduwa-gunduwa aka harhaɗa a bakin ruwa ba. Duk wannan an sauke shi a wani ɗan fili da ke matse tsakanin dutse da fadama.

Mun hau dutsen da ke bayan gari, inda Turawa suka yi gidajensu don gudun sauro. Daga sama ana ganin komai: kogin, ragowar tsofaffin gine-ginen tasha da na kamfanoni, layin da ciyawa ta rufe, da sabuwar tashar jiragen ruwa da aka buɗe a Janairun 2019. Ba mu ga jirgin kaya ko ɗaya a bakinta ba. Abin da ya matsa wa masu aikin 1908 shi ne har yau: kogin yana buƙatar yasa, garin kuma yana buƙatar hanyar fitar da kaya.

Babu masaukin haya da za a kira masauki a Baro. Wani mai sayar da kifi da ke jin Hausa sarai ya sauke mu a zaurensa, ya ƙi karɓar ko kwabo, matarsa ta aiko mana da tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi. Kifin da aka zuba mana a kwano ɗaya, a Kano sai mai hali ya saya ranar biki. Sauron kuwa na fadama ne, ba a kwana ba gidan sauro, kuma duk mai zuwa ya taho da nasa.

Da safe muka bi layin da ƙafa muka nufi arewa. Baba ya share ciyawa ya sa tef tsakanin cikin ƙarfe da cikin ƙarfe: milimita 1,067, wato ƙafa 3 da inci 6, faɗin da duk tsohon dogon ƙasar nan yake da shi. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna, da wanda ake kawowa Kano, milimita 1,435 ne, shi ya sa jirgin wannan ba ya hawa wancan.

Amma abin da ya tsayar da ni a nan ba ƙarfen ba ne, tudun ƙasar da ke ƙarƙashinsa ne. Layin yana bin kwarin Kogin Gbako, ƙasa ce mai kwanciyar ruwa, don haka sai da aka tayar da ganuwar ƙasa aka ɗora dogo a kai. Babu katafila a lokacin. Diga ce da shebur da kwando a ka. Duk birkila a Kano ya san kwanon sarki biyu ke cinye buhun siminti, ke nan kwano kusan 57 ke cika mita ɗaya ta kowace fuska. Tudu mai tsayin mita ɗaya kacal, faɗin samansa mita huɗu, da gangarensa hagu da dama, yana cin ƙasa irin wannan mita 5,500 a kilomita ɗaya. Wannan ya haura kwano 300,000. A wasu wuraren da muka tsaya tudun ya fi mutum tsayi. Ramukan da aka ɗebi ƙasar suna nan a gefen layin, sun zama kududdufai, wasu ana shuka shinkafa a cikinsu.

Waɗanda suka ɗauki ƙasar nan ba su zo don ra'ayinsu ba. Razdan yakan yanka wa sarki adadin mutane, sarki ya raba wa hakimai, hakimai su raba wa dagatai, dagaci ya shiga gida-gida. Mutum ya yi makonninsa a aikin diga, a sallame shi a kawo wani. Ana biyansu, kuma a hannu ake ba kowa nasa da sule da sisi da taro, wanda ya taimaka ƙwarai wajen korar wuri daga kasuwa, domin da kuɗin nan ake komawa a biya haraji. Sai dai biya bai mayar da tilas son rai ba. In kira ya faɗo lokacin shuka ko girbi, gonar mutum ta tafi. Ciyar da dubban leburori a daji ma wani nauyi ne da ya sauka a kan rumbunan ƙauyukan da layin ya ratsa. Nufawa ne suka ɗauki kason farko, sai Gwarawa, sai Zazzagawa, sai mu Kanawa a ƙarshe. Ina ganin duk wanda zai ba da tarihin layin nan ya ambaci Girouard ya manta da waɗannan mutane, bai faɗi rabin labarin ba.

A wani wuri muka tarar da tudun ya yanke gaba ɗaya, ƙarafa biyu suna rataye a sama, ruwa na wucewa ƙarƙashinsu. Baba ya sauka ya nuna mini bakin kwalbatin da yashi ya toshe.

"Ka gani, ɗana? Ba jirgi ke kashe dogo ba. Kwalbati ta toshe, ruwa ya taru a gefe ɗaya, ya jiƙa tudun ya yi laushi, sai ya nemi hanya ta cikinsa. Daren ruwa ɗaya ya ishe shi."

Ya ce a zamaninsu kowace ƙungiyar lebura tana da 'yan milolin da take riƙe da su, kuma kafin ruwan farko sai an yashe kowace kwalbati da kowace lamba ta gefe. Akwai kuma mai zagaye da ke taka layin kullum da guduma da sifana, in an yi ruwa da dare ya fita da fitila da jar tuta. Wannan ɓangaren na Baro zuwa Minna, mil 111, an daɗe da daina binsa, kuma a ko'ina ya lalace labarin ɗaya ne.

Muka koma ta Agaie zuwa Badeggi, garin da cibiyar binciken shinkafa take. A tsohuwar tashar garin muka zauna muka duba ƙarafan gicciye da kyau. Na ƙarfe ne, an kifa su kamar kwami, bakinsu a lanƙwashe ƙasa don su kama ƙasar da aka dandaƙa a cikinsu. Dalilin zaɓar ƙarfe a kan katako gara ce: katakon da ba a jiƙa da magani ba, ba ya daɗewa a ƙasar nan. Aibin ƙarfen kuma tsatsa ne a wuri mai damshi, yana cin sa daidai inda dogo ya zauna har wurin ya huje, maƙallin ya saki, faɗin layin ya buɗe, ƙafar tarago ta faɗa tsakiya. A mahaɗa ana sa ƙarfe biyu su rungumi dogo hagu da dama da noti huɗu, a bar ɗan tsaga tsakanin dogo da dogo. Ƙarfe mai tsawon mita tara yana ƙara kusan milimita uku in zafi ya hau da digiri 30. In an matse tsagar, ko tsatsa ta riƙe mahaɗin ya kasa motsi, zafin bazara sai ya tura layin gefe ya karkace. Shi ya sa ake kwance mahaɗai a shafa musu baƙin mai a mayar. Wanda yake son sanin shekarun ƙarfe ya goge gefensa, sunan masana'anta da shekarar da aka yi shi suna nan a rubuce. A babban layi an sauya yawancin ƙarafan da masu nauyi, a layukan gefe ne ake samun sirirai na da.

Bida zuwa Minna ta Kataeregi tafiya ce ta ƙura da ramuka, ba abin da zan ƙara. A Minna muka sami ɗaki naira 15,000, muka ci sakwara da miyar agushi, doyar Gwari kuwa a bakin hanya rabin kuɗin da muke saya a Kano.

Minna ce ta yanke wa Baro hukunci. Layin Legas ya iso Jebba a 1909, ya biyo ta Zungeru, ya haɗu da na Baro a nan a 1912, kuma a shekarar aka haɗe layukan biyu ƙarƙashin hukuma ɗaya. Da farko jirgin ruwa ke tsallakar da taragu a Jebba, har aka gama gadar a 1916. Daga ranar ɗan kasuwa ba shi da dalilin sauke kaya a Baro ya jira kogi ya cika, alhali tarago ɗaya zai kai shi bakin teku rani da damina. Layin da aka gina a matsayin uwa ya koma reshe. Tun kafin duk wannan akwai ɗan ƙaramin dogo mai faɗin ƙafa 2 da inci 6 da Lugard ya sa aka yi tun farkon zuwansu, don kai kaya Zungeru daga bakin Kogin Kaduna, shi ne dogon farko a Arewa.

Daga Minna layin yana yanka ta Gwada da Sarkin Pawa da Gwagwada ya fita Kaduna. Duk direban da muka tambaya ya ce kada mu ko gwada saboda 'yan bindiga, muka ji shawara muka sake zagayawa ta Dikko. Na so ganin wannan ɓangaren fiye da kowane, domin a nan ƙasar take da duwatsu da rafuka masu zurfi, a nan kuma safiyo ya yi ta lanƙwasa layin yana kewaya tudu maimakon ya fasa shi, tunda fasa dutse kuɗi ne kuma kan jirgi mai tururi ba ya son hawa mai tsanani. A wannan yankin ne ma jama'a suka fi nuna ƙin aikin tilas. Gwarawa ba su da babban sarki guda da za a yanka wa adadi ya tara, don haka matsin ya sauka kai tsaye a kan ƙauyuka. A 1909 mutanen Gussoro suka kashe wani jami'in Bature da wasu 'yan rakiyarsa, aka tura sojoji suka murƙushe garin.

A Kaduna muka tsaya ƙarƙashin gadar dogo. Lokacin da layin ya iso nan babu birni, gadar da tashar ne suka jawo shi, har aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Baba ya yi mini bayanin abin da ya sa tsofaffin tashoshi da yawa suke kusa da kogi ko rijiya mai ƙarfi. Kan jirgi mai tururi yana shan ruwa fiye da yadda yake cin wuta, a nauyi ruwan ya ninka kwal sau da yawa, don haka kowane 'yan miloli sai an kafa tanki a sama da famfo da mai kula da shi. Ruwa mai laka ko mai kanwa yana barin dasashi a cikin tukunyar injin, bututun su toshe, wuta ta ci ƙarfen. Kwal kuwa daga Birtaniya ake kawo shi, a haɗa da itace, sai da aka fara haƙar na Enugu aka kai masa dogo daga Fatakwal a 1916 sa'an nan abin ya yi sauƙi.

Zariya muka yi azahar. Layin ya iso nan a farkon 1911, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda aikin diga ya dame shi har ya rubuta waƙa a kansa. Daga nan aka fitar da siririn layin da ya nufi Jos da Bukuru don kwaso kuza, wanda aka rufe a 1957, daga nan kuma reshen Gusau da Kauran Namoda ya tashi, aka gama shi a 1929. Injin gurzar auduga da kamfanin masu auduga na Ingila ya kafa a Zariya shi ne shaidar abin da aka yi tsammani daga layin gaba ɗaya.

Daga Zariya zuwa gida muka ɗauki shatar mota, naira 45,000, don mu riƙa sauka daga kwalta muna leƙa tashoshi, Gimi da Dangora da Madobi. Ƙasar a shimfiɗe take, tudun dogo ɗan kaɗan ne, rafukan na yashi. A nan aikin ya yi gudu, har aka shimfiɗa mil shida da rabi a wuni guda a watan Maris 1911. Yadda ake yi shi ne, masu diga sun riga sun yi gaba da nisa sun gyara ƙasa. Jirgin kaya yakan tura taragu har ƙarshen ƙarfe. A sauke kaya a kan ƙananan kekunan turawa. Ƙungiya ta farko ta jera ƙarafan gicciye bisa alamar igiya, ta biyu ta ɗauko dogo, wanda mai ƙafa 30 ya haura kilo 200, ta ajiye a kai, ta uku ta buga maƙallai, ta huɗu ta ɗaura mahaɗa da noti biyu kawai don keke ya wuce, na baya su cika sauran su daidaita layin da sandunan ƙarfe su dandaƙa ƙasa. In ƙungiya ɗaya ta yi jinkiri duka sun tsaya, in jirgin kaya ya makara daga Baro, mil 300 a baya, dubban mutane sun wuni a zaune. Saurin ranar nan aikin masu tsara zuwan kaya ne kamar yadda yake aikin masu ɗauka.

Mun tsaya a Kogin Chalawa, ruwa bai gama janyewa ba. Da rani kogin yashi ne, kuma dabarar masu irin wannan aiki ita ce su gangara da layin wucin gadi ta cikin yashin su haye, su bar gada ta biyo baya. Kogin yashi yana da wuyar gada fiye da yadda ake zato, domin ambaliya tana kwashe yashin da ke gindin ginshiƙi, in ba a nutsa da shi har ƙasa mai ƙarfi ba sai ya karkata. Ƙarfe ya shigo Kano a ƙarshen Maris 1911, zamanin Sarki Abbas, amma sai 1912 aka buɗe layin sosai ga jama'a da kayansu. Tsakanin nan an yi ta ƙarasa gadoji ne da gyaran abin da damina ta ɓata.

Layin bai shiga cikin ganuwa ba. A gabas da birni aka kafa tasha, kusa da Fagge, kamfanonin Turawa suka jeru a gefenta da kantunansu da sikelinsu, Kwarori suka zauna inda Kantin Kwari yake yau, akawuna da masu sana'a daga Kudu kuma aka yanka musu Sabon Gari. Rabin Kano ta wajen badala tashar nan ce ta zana ta. Ayarin raƙuma daga Tarabulus, wanda dama ya fara rauni, bai sake tashi ba, fataken goro da ke wata da watanni a hanyar Gwanja suka koma sauke goronsu ta teku zuwa Legas su ɗora a tarago.

Audugar da aka yi dogon dominta ba ta tafi Lancashire yadda aka so ba. Masaƙan Kano da marina suna biyan manomi fiye da abin da kamfanin Turawa yake tayawa, to me zai kai shi sikeli? Gyaɗa ce ta hau jirgin. Tana son jigawar ƙasar Kano, ana shuka ta tsakanin gero, in shekara ta ɓaci ana ci, auduga kuwa ba a ci. A Turai kuma masu yin man shafa wa burodi da sabulu suna neman mai ido rufe. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda fataucin goro ya koya wa ba da bashi da riƙe yara a ƙauyuka, suka karɓi kuɗin kamfanoni suka bazu suna saye. A 1913 gyaɗar da ƙasar ta fitar ta kai kusan tan 19,000, yunwar 1914 ta mayar da ita baya, a 1916 ta haura tan 50,000. Alhassan Ɗantata ya shigo harkar bayan wannan ya zama babbanta. Dalar gyaɗa da muke alfahari da hotonta, a gaskiya alama ce ta cewa layi ɗaya siriri mai taragu kaɗan ya kasa kwashe abin da manoma suka noma, sai a jibge buhuna a rufe da tamfol a jira. An miƙa layin zuwa Nguru a 1930 don ya ƙara kwaso ta daga gabas.

Ƙarshen tafiyar da ƙafa muka yi shi, daga wajen Sharaɗa muka bi layin har tasha. Ƙarfen a nan mai nauyi ne, da sauran ƙarfinsa, Baba ya ƙwanƙwasa mahaɗai da yawa suka amsa tsaf. Matsalar a ƙasa take. An zubar da shara a lambatun gefe har sun shafe, ruwan wanka daga gidajen da suka matso yana bi ta ƙarƙashin ƙarafan gicciye, tsakuwa ta cika da laka ta daina tsiyayar da ruwa, a wasu wuraren kuma an kwashe ta an yi gini. Kwalbatoci da dama leda da yashi sun rufe bakinsu, irin wadda muka gani a kwarin Gbako kafin tudun ya yanke. Baba ya tsaya a kan ɗaya ya auna da ido, ya ce lebura huɗu da shebur da baro biyu za su buɗe ta a wuni ɗaya, amma a yi shi a watan Afrilu ko farkon Mayu, kuma a kwashe abin da aka yaso a kai shi nesa, don in aka tara shi a bakin lamba ruwan farko zai mayar da shi ciki.